Makaɗin Dare a Ajin Safe: Jami'a Raya Jaz Take Ko Kashe Shi?

A shekarar 1973 Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey a Amurka ta ɗauki wani matashi ɗan shekara 30 aikin koyar da kiɗa. Sunansa Kenny Barron, makaɗin fiyano ne, kuma a lokacin ko digirin farko ba shi da shi, sai a 1978 ya same shi. Shaidar da ya zo da ita ta fage ce. An haife shi a Filadelfiya a 1943, ya fara kiɗa a bainar jama'a tun yana sakandare, ya koma birnin New York bai cika shekara 20 ba. A 1962 Dizzy Gillespie, ɗaya daga cikin manyan masu busa ƙaho na duniya, ya ɗauke shi aiki bai taɓa jin kiɗansa ba, don kawai mai busa saksofon James Moody ya ce yaron ya iya. Shekara huɗu ya yi yana bin Gillespie ƙasa ƙasa. Daga baya ya shiga ƙungiyar Yusef Lateef, wanda shi ne ya matsa masa ya koma karatu. Lateef ɗin nan ba baƙo ba ne a wurinmu: shi ne ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya mai da hankali kan sarewar Fulani.

Barron ya shekara 27 a Rutgers, ya ajiye aiki a 2000, sannan ya ci gaba da koyarwa a makarantar Juilliard. Rayuwarsa ta zama abin da ɓangarori biyu ke ja a kai, kowa yana cewa shaidarsa ce.

Ga wanda bai saba da jaz ba, kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙira a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Makaɗa sukan fara da wani kari da dukansu suka sani, su kaɗa shi sau ɗaya, daga nan kowa ya karɓa bi da bi yana ƙirƙirar nasa nan take a kan ginshiƙin karin, ba takarda a gabansa, sauran suna raka shi suna amsa masa. Abin da aka kaɗa daren jiya ba za a sake jin sa haka ba yau. Mai fiyano a tsakiyar wannan hira yake: hannun hagu na riƙe da ginshiƙi, na dama na zance. To irin wannan abu ana iya sa shi a manhaja, a raba shi zango zango, a ba shi maki? Kuma makaɗin da ya karɓi alli, riba ya ci ko asara ya yi, shi da kiɗan baki ɗaya?

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ta ciki ce, ba sa kuma jin kunyar faɗa. Makaɗi mutum ne mai iyali, mai biyan haya, mai kwanciya ciwo. A shekarun 1930 jaz ne kiɗan rawar Amurka, manyan ƙungiyoyi masu mutum 15 ko fiye suna cika zaurukan rawa kowane dare. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar ta fara lalacewa. A 1944 gwamnatin tarayya ta ɗora harajin kashi 30 cikin ɗari a kan wuraren shaƙatawar da ake rawa a cikinsu, daga baya ta rage zuwa 20. Talabijin ya zaunar da mutane a gida, matasa kuma suka koma wa kiɗan rok. Manyan makaɗa da dama suka yi ƙaura zuwa Turai neman abinci da mutunci: Bud Powell ya koma Faris a 1959, Kenny Drew ya tare a Kofanhegan har rasuwarsa. Waɗanda suka zauna gida sun ga tasku. An ƙwace wa Thelonious Monk katin izinin kiɗa a gidajen dare na New York a 1951, bai sake samunsa ba sai 1957, shekara shida ke nan na ƙuruciyar gwani suka tafi kusan a zaune. Herbie Nichols, wanda yau ake nazarin waƙoƙinsa a ajujuwa, ya ƙare rayuwarsa yana kaɗa wa wasu irin kiɗan da ba nasa ba don ya samu na tuwo, ya rasu a 1963 yana da shekara 44. A 1989 sai da aka kafa gidauniya takanas, Jazz Foundation of America, don biya wa tsofaffin makaɗa haya da kuɗin asibiti.

A ƙasar da jinya ke iya cinye gidan mutum, albashin wata da inshorar lafiya da fansho ba ƙaramin abu ba ne. Makaɗiyar fiyano Mary Lou Williams ta rubuta wa Benny Goodman da Duke Ellington kiɗa, ɗakinta a Harlem nan Monk da Powell ke zuwa su kwana suna gwaji, amma sai da ta kai shekara 67 ta samu aiki mai tabbas, lokacin da Jami'ar Duke ta ɗauke ta a 1977. A can ta rasu a 1981, kuma cibiyar al'adun baƙar fata ta jami'ar sunanta take amsawa tun 1983. Masu goyon baya suna tambaya: wa zai ce da ta ƙi wannan aiki da ya fi mata?

Sun ƙara da cewa albashi 'yanci ne. Makaɗin da ya san tukunyar gidansa za ta hau wuta ƙarshen wata yana iya ƙin aikin da zai zubar masa da daraja, yana iya shekara yana rubuta abin da ba lalle kasuwa ta so ba. Wanda ba shi da wannan, duk abin da mai kulob ya ce shi zai kaɗa.

Martanin masu adawa

Masu adawa ba su musa yunwa ba. Abin da suke cewa shi ne jaz yana da makarantarsa tun asali, kuma ita ta yaye duk waɗanda ake rataye hotunansu a bangon jami'o'i yau. Suna ba da labarin Charlie Parker a Kansas City, a tsakiyar shekarun 1930, yana ɗan shekara 16 ko kusa da haka. Ya hau dandali cikin manya, ya ɓata hanya a tsakiyar busa, sai mai ganga Jo Jones ya ciro farantin tagullarsa ya wurga a gaban ƙafarsa, jama'a suka fashe da dariya. Yaron ya sauka da kunya, ya tafi ya duƙufa. Shi da bakinsa ya ce akwai lokacin da yakan yi awa 11 zuwa 15 a rana yana gwaji. Da ya dawo, sai da ya sauya kiɗan gaba ɗaya. A kulob ɗin Minton's da ke Harlem, inda Monk ke riƙe da fiyano a farkon shekarun 1940, bayan an tashi daga aiki ake haɗuwa har asuba, kuma a nan salon bibop ya yi ƙarfi. Ƙungiyar mai ganga Art Blakey kaɗai ta yaye Lee Morgan da Wayne Shorter da Cedar Walton da Keith Jarrett da Wynton Marsalis. Har Terence Blanchard, wanda ake lissafawa cikin ɗaliban Rutgers, barin makarantar ya yi a 1982 ya bi Blakey.

Mene ne a wannan makaranta da babu shi a aji? Na farko, masu sauraro da suka biya kuɗinsu, waɗanda in kiɗa bai yi musu ba za su juya su ci gaba da hirarsu. Makaɗi yana ganin haka da idonsa a take, ya san ya rasa su, ya nemo hanyar dawo da su kafin waƙar ta ƙare. Na biyu, maimaici: dare shida a mako, mako bayan mako, da mutane iri ɗaya, har mai fiyano ya san inda mai ganga zai sa sanda tun bai ɗaga hannu ba. Na uku, babba a gefenka wanda ba zai yi maka dogon bayani ba, harara ɗaya ta isa, kuma in ka ci gaba da kuskure gobe wani ne a kujerarka. Mu nan mun san wannan tsari. Yaron makaɗi da ɗaukar kaya yake farawa, ya shiga sahun 'yan amshi, ya daɗe yana sauraro kafin a bar shi ya buɗe baki shi kaɗai, kuma a gaban taron biki ko a ƙofar fada ake gane ko ya iya. Ranar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, shaida ta yi a kan ilimin da aka samo a wajen katangarta.

Masu adawa suna cewa Barron kansa ɗan wannan makaranta ne. Gillespie ne ya gasa shi, Rutgers ta ɗauki gasasshe. Tambayarsu ita ce, in malamai irinsa sun ƙare, wa zai gaje su?

Masu goyon baya sun dawo

Suka ce wannan makaranta da kuke yabo, ina take yanzu? Blakey ya rasu a 1990, Miles Davis a 1991, Gillespie a 1993, mawaƙiya Betty Carter, wadda ita ma ta yaye matasa da yawa, a 1998. Kulob ɗin da zai riƙe ƙungiya ɗaya wata guda ya zama tarihi. Yau kwana biyu ko uku ne, sai 'yan wurare ƙalilan da ke ba da mako. Kason jaz a cikin kiɗan da Amurkawa ke saya ko saurara bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Ɗakin gwajin jami'a shi ne kusan wuri na ƙarshe da matashi zai samu fiyano mai kyau, da mai ganga, da mai busa, kullum, ba tare da ya biya kuɗin ɗaki ba.

Suka kuma ce labarin da ake bazawa cewa magabatan jaz ba su yi karatu ba ƙarya ce mai cin mutunci, domin tana nuna kamar baƙar fata da baiwa kawai yake kiɗa, ba da nazari ba. Kyaftin Walter Dyett, malamin kiɗa a sakandaren baƙaƙen fata a Shikago, ya koyar da Nat King Cole da Dinah Washington da Johnny Griffin, da tsanani irin na soja. Sakandaren Cass Tech ta Detroit ta fitar da Donald Byrd da Paul Chambers da Ron Carter. Herbie Hancock yana ɗan shekara 11 ya kaɗa kiɗan Mozart tare da babbar ƙungiyar makaɗan Shikago. Bill Evans da digiri ya fito a 1950. Aji da dandali tare suka taso.

Akwai kuma batun waɗanda tsohuwar hanya ta bari a waje. Kulob ɗin ƙarfe uku na dare, da giya da ƙwaya da ke yawo a cikinsa, ya halaka gwanaye da yawa tun suna samari. Sonny Clark shekara 31 ya yi a duniya. Mace kuwa, in ba mawaƙiya ba ce, da ƙyar ake ba ta kujera. Geri Allen ta fito daga Detroit, ta yi digiri a 1979 a Jami'ar Howard, a shirin jaz da Donald Byrd ya kafa, ta ƙara digiri na biyu a Pittsburgh kan nazarin kiɗan al'ummomi, ta yi kiɗa da Betty Carter da Ornette Coleman, sannan ta koma Pittsburgh ta shugabanci sashen jaz har rasuwarta a 2017. 'Yan mata da yawa a ajinta suka fara ganin mace tana jagorantar maza daga kan fiyano.

Misalin da ya fi taɓa ni a wannan ɓangare daga Afirka ta Kudu yake. A 1983, ana tsakiyar mulkin wariyar launin fata, Darius Brubeck, makaɗin fiyano kuma ɗan Dave Brubeck, ya je Jami'ar Natal da ke Durban ya kafa digirin jaz na farko a wata jami'a ta Afirka. Dokar ƙasa ta raba unguwanni da makarantu, amma a ɗakin gwajinsa baƙi da fari da Ba'indiye suna zaune suna kiɗa tare. Ƙungiyar ɗalibansa, Jazzanians, ta je Amurka a 1988, a cikinta akwai Zim Ngqawana da Johnny Mekoa, waɗanda daga baya kowannensu ya buɗe tasa makarantar. A wannan wuri da wannan lokaci, jami'a ta yi wa kiɗan abin da kulob ba zai iya ba.

Masu adawa ba su sauka ba

A nan ne maganarsu ta fi kaifi. Suka ce jami'a abin da za ta iya aunawa shi take koyarwa. Malamin da ke da ɗalibai 30 da takardar maki da zai miƙa ƙarshen zango dole ya nemi abin da ke da daidai da kuskure. Sai aka mai da kiɗan lissafi: in ka ga wannan haɗin sauti, ga jerin sautukan da za ka bi a kansa. Tun daga 1967 Jamey Aebersold ya fara fitar da littattafai da faifan rakiya a kan wannan tsari, sun haura kundi 100, ɗalibi ya kunna faifai a ɗakinsa ya yi ta bi shi kaɗai, da makaɗan da ba sa jin sa, ba sa amsa masa. A tsakiyar shekarun 1970 wasu ɗaliban makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston suka rubuta ɗaruruwan waƙoƙi da hannu cikin kundin da aka sani da Real Book, ana sayar da shi a ɓoye. Kundin ya bazu duniya da kurakuransa, har aka wayi gari matasa daga Tokyo zuwa Landan suna kaɗa waƙa ɗaya da kuskure ɗaya, domin da ido suka koye ta, ba da kunne ba. Monk da Erroll Garner da Ahmad Jamal, daƙiƙa biyar ta isa ka gane kowannensu. Masu adawa suna cewa ka jera ɗaliban bana goma ka rufe ido, yatsunsu sun fi na magabata gudu, amma da wuya ka ce ga wane.

Sai batun wanda ke iya shiga. Digirin jaz na farko a Amurka a kwalejin North Texas aka fara shi a 1947, aka laƙaba masa sunan kiɗan rawa don hukumar makarantar ba ta son jin sunan jaz, kuma a lokacin makarantar ba ta karɓar baƙar fata. Sai a tsakiyar shekarun 1950 ta fara. Yau doka ba ta hana kowa, amma kuɗin karatu a Berklee ya kai wajen dala dubu 50 a shekara, ban da ci da kwana. Kiɗan da ya fito daga unguwannin talakawan baƙar fata ya koma hannun wanda iyayensa ke da hali, ko wanda ya yarda ya ɗauki bashin da zai shekara 20 yana biya da sana'ar da ba ta kawo kuɗi. Ɗalibin ya gama, ya duba kasuwa babu aiki, sai ya koma ya yi digiri na biyu, ya nemi koyarwa, ya yaye wasu da su ma koyarwa za su nema. Galibin guraben koyarwar ma na wucin gadi ne, ana biya da awa, babu fanshon da ake ta ambato. A ƙarshe masu kiɗa da masu sauraro duk 'yan aji ɗaya ne.

Suna kuma nuni da cewa jami'a da gwani ba kullum suke jituwa ba. Cecil Taylor, mai fiyanon da ya karya kusan duk wata ƙa'ida, ya koyar a Jami'ar Wisconsin a farkon shekarun 1970, ya kayar da mafi yawan ɗaliban ajinsa don yana ganin ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, hukuma ta sauya makin, shi kuma ya tattara ya bar wurin. Wani gwanin kuma ba ya rigima, sai dai a hankali taron kwamiti da duba takardu su cinye safiyarsa, gajiya ta hana shi fita da dare, hannu ya yi sanyi ba tare da ya lura ba.

Kuma sun ce akwai hanya ta uku. Barry Harris, ɗan Detroit, ya shafe shekaru da dama yana buɗe aji kowane mako a New York, kuɗin shiga kaɗan, babu jarrabawa, babu takardar shaida. Direban tasi da ƙwararren makaɗi da tsohuwa mai son waƙa suna zagaye fiyano ɗaya, yana kaɗa jimla suna maimaitawa har ta zauna. Haka ya yi ta yi kusan har rasuwarsa a 2021 yana da shekara 91. Koyarwa ce sosai, amma ba ta bar kowa da bashi ba.

In an auna

Wasu hujjojin ba su jure bincike. Maganar cewa koyarwa na kashe hannun makaɗi, rayuwar Barron ta ƙaryata ta. A cikin shekarun da yake Rutgers ne ya yi aiki da ƙungiyar Ron Carter, ya kafa ƙungiyar Sphere da tsofaffin abokan aikin Monk, waɗanda suka shiga ɗakin ɗaukar faifansu na farko ranar 17 ga Fabrairun 1982, ranar da Monk ya rasu. A cikin waɗannan shekarun ne kuma ya zama na hannun daman mai saksofon Stan Getz. A watan Maris na 1991 su biyu kaɗai, fiyano da saksofon, suka yi dare huɗu a kulob ɗin Montmartre na Kofanhegan, Getz na fama da ciwon dajin hanta, numfashi na yi masa wuya tsakanin waƙa da waƙa, Barron yana tsawaita nasa ɓangaren don abokinsa ya huta. Getz ya rasu bayan wata uku. Faifan da ya fito daga waɗannan darare, People Time, yana cikin mafi kyawun abin da kowannensu ya bari. Malamin jami'a ne ya kaɗa shi.

Sai dai a lura da yadda abin ya yiwu. Tsakanin Rutgers da New York tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Barron yakan tashi daga aji ya nufi Bradley's, wani ƙaramin kulob a unguwar Greenwich Village mai fiyanon da makaɗi Paul Desmond ya bar wa wurin wasiyya, inda ake kiɗa har bayan ƙarfe biyu na dare, teburan cike da makaɗan da suka tashi daga nasu aikin suka zo sauraro. Tsofaffin ɗalibansa suna ba da labarin darasinsa: fiyano biyu a ɗaki, shi a ɗaya ɗalibi a ɗaya, a zaɓi waƙa a yi ta kaɗawa tare, magana kaɗan. Wato tsohuwar makarantar ce ya ɗauko ya shigo da ita cikin sabuwa. Ellis Marsalis ma haka ya yi a New Orleans. Ya koyar a makarantar fasaha ta birnin daga 1974, ya jagoranci jaz a Jami'ar New Orleans daga 1989 zuwa 2001, amma kusan shekara 30 yana da darensa na mako a kulob ɗin Snug Harbor, ya kuma buɗe wa ɗalibansa dandali a harabar jami'a inda suke kiɗa da manyan baƙi a gaban jama'a. Cutar korona ce ta yi ajalinsa a 2020. Bradley's kuwa an rufe shi tun 1996, kuma wannan rufewa tana ƙara wa kowane ɓangare hujja: masu goyon baya su ce kun gani, saura aji, masu adawa su ce to malamin gobe a ina zai gasu?

Zargin cewa ɗaliban yau duk muryarsu ɗaya yana da gaskiya, amma awon bai yi adalci ba. Muna gwada matsakaicin ɗalibin bana da mutum goma mafi girma na ƙarni guda. Zamanin Parker ma cike yake da masu kwaikwayonsa da ba wanda ke tuna sunansu. Kuma idan aka duba waɗanda suka yi fice daga makarantu, kusan kowannensu yana da wata rijiya ta biyu da ya sha. Robert Glasper ya yi karatu a jami'ar New School, amma a coci ya fara kiɗa, a gefen mahaifiyarsa mawaƙiya. Samara Joy, wadda ta ci kyautar Grammy ta sabuwar tauraruwa a 2023, sai da ta shiga kwalejin Purchase ta san jaz sosai, amma daga gidan mawaƙan coci ta fito, kuma malaminta mai ganga Kenny Washington shi ya bi ta har ɗakin ɗaukar faifai. Nduduzo Makhathini na Afirka ta Kudu ya yi karatun kiɗa a Durban, ya shugabanci sashen kiɗa a Jami'ar Fort Hare, kamfanin Blue Note ya fitar da faifansa a 2020, amma kullum yana ambaton Bheki Mseleku, gwanin da ya koya wa kansa fiyano, da waƙoƙin Zulu da ya tashi a cikinsu. Aji ya ba su kayan aiki da abokan tafiya. Abin da suke faɗa da kayan aikin, daga gida da jama'a suka samo shi.

A nawa awon, makaɗin fiyanon da ya karɓi aikin jami'a bai ci amanar kiɗansa ba, muddin bai daina hawa dandali ba, kuma jami'ar da ta ɗauke shi ya kamata ta ɗauki daren da ya yi a kulob a matsayin aiki, kamar yadda take ɗaukar binciken masanin kimiyya. A kan wannan ina tare da masu goyon baya. A kan bashin ɗalibai da ƙarancin masu sauraro kuwa, masu adawa sun yi tambayar da har yau ba a ba su amsa mai gamsarwa ba, domin makaranta tana iya yaye makaɗa dubu a shekara amma ba ta yaye mutanen da za su sayi tikiti su zo su ji su. Ko jaz zai iya daɗewa da rai a wurin da malamai da ɗalibai ne kawai ke tafa wa juna, wannan magana ce da ba ta ƙare ba.

Mai karatu, faifan People Time yana nan a intanet, haka na Geri Allen da na Makhathini, haka kuma na Monk da na Barry Harris. Ka saurari biyu daga nan, biyu daga can, sannan ka faɗi ɓangaren da kake.